Ruwan Zafi a Kan Gangaren Idi

Ni ne na yi kuskure, ba Idi ba. Na fara da wannan tun kafin in ce komai a kan felu ko gishiri, don kada ku ɗauka mai ba ku labarin nan gwani ne da bai taɓa ɓata aiki ba. Na ɓata, kuma ɓatawar da ta kusa raba wani da abincinsa. Amma sai kun san aikin tukuna, in ba haka ba ba za ku gane girman wautar ba.

Ku 'yan jami'ar Bron da Villeurbanne da kuke zuwa neman aikin sanyi, duk maganarku ɗaya ce: "Baba Haruna, ai kwasa ce kawai." Ni ma haka na ce. Karatuna bai wuce firamare ba a Maraɗi, na zo Faransa ina tuƙa wani ma'aikacin ofishin jakadanci a Paris, da aka mai da shi gida kuma na samu shiga wani kamfani mai kula da farfajiyar manyan gidajen haya. Da bazara mu aske ciyawa, da kaka mu share ganye, da sanyi mu kwashe dusar ƙanƙara. Manyan tituna na meri ne, wato hukumar gari, ita ke da manyan motoci. Amma daga ƙofar unguwa zuwa ciki, hanyoyin ƙafa da matakala da gangaren gareji da wurin ajiye shara, duk namu ne.

Aikina na farko a Clichy-sous-Bois ne, a gaban wani dogon bene mai ƙofa biyar. Aka haɗa ni da wani tsoho ɗan Fotugal mai suna Manuel, gajere, mai wuya kamar na sa. Ya miƙo mini felu, wanda 'yan Najeriya ke ce wa shebur, ya koma gefe ya kunna taba. Ni kuwa na duƙa na shiga kwasa ina watsawa baya kamar mai loda yashi a amalanke. Ina jin daɗin kaina, ina cewa yau Bature zai ga ƙarfin Bahaushe. Kafin in kai ƙofa ta biyu bayana ya riƙe, gumi ya jiƙa rigata ta ciki, gumin kuma ya fara daskarewa a jikina.

Manuel ya taka tabarsa ya matso. "Ka gama wasa?"

"Ina aiki ne, Mushe Manuel."

"A'a, faɗa kake yi da ita. Ba a ɗaga ta, tura ta ake yi."

Ya karɓi felun ya dafa shi a cikinsa, ya yi tafiyarsa kamar mai zuwa kasuwa, dusar tana naɗewa a gabansa tana faɗawa gefe. Wannan ne darasina na farko, kuma har yau shi nake fara ba duk wanda ya zo.

Na biyu shi ne ka riga mutane fita. Dusar da ba a taka ba kamar gari take, yaro ma zai ture ta. Amma in masu zuwa aiki suka bi ta kanta, 'yan makaranta suka bi, ta danne ta manne da kwalta, sai ka nemo makankara, wani faffaɗan ƙarfe mai dogon mariƙi, ka yi ta sara kamar mai noman fako. Shi ya sa ba ma kwana da waya a kashe, kuma labaran meteyo, wato hasashen yanayi, sun fi mana na ƙwallo muhimmanci.

Na uku shi ne inda za ka tara ta. Wata rana na share hanyar wata makarantar yara tas, na tara dusar a gefen sama don ya fi kusa. Da rana ta fito ta narke, ruwan ya gangaro ya ratsa hanyar, da yamma ya daskare. Manuel ya kamo hannuna ya kai ni wurin, ya sa na tsaya a kai har ƙafafuna suka fara rabuwa. "Kullum ka tambayi kanka," in ji shi, "in ta narke ina za ta bi?" Tun daga ranar, kafin in taɓa komai sai na nemo bakin magudana na buɗe shi, sannan in tara a gefen ƙasa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Felun roba na sabuwar dusa ne, ba shi da nauyi, ba ya kuma ƙara ya tashi masu barci. Na ƙarfe na wadda ta kwana ne. In dusar mai ruwa ce tana liƙewa, sai ka shafa wa bakin felun ɗan mai, ta riƙa sulɓewa. Akwai keken watsa gishiri da ake turawa kamar baro, akwai kuma ƙaramar tarakta mai faranti a gaba, wadda kowa ke mafarkin hawa domin tana da rumfa da ɗumi a ciki. Duk abin da ya taɓa gishiri sai an wanke shi kafin a tashi, domin gishiri yana cin ƙarfe fiye da yadda kuke zato. Tufafi kuma, kada ka jibga babbar riga ɗaya. Ka sa sirara uku, in jiki ya yi zafi ka cire ɗaya. Safa biyu, safar hannu biyu, ɗaya a hannu ɗaya a cikin riga tana shan ɗumi.

Gishiri shi ne abin da sababbi suka fi ɓarna da shi. Suna zuba shi kamar masu yi wa hanya sadaka. Cikin hannu ɗaya ya ishi faɗin babbar tabarma. In ka wuce haka ka kashe furanni, ka ƙona tafin karnuka, mata kuma su zage ka don farin tabo a kan takalma. Gara ka watsa shi tun kafin dusar ta sauko, ya hana ta kama ƙasa. In kuma sanyi ya yi tsanani sosai, shi ma gishirin ba ya aiki, yana kwance ne kawai yana kallonka. Lokacin sai yashi ko ƙananan tsakuwa, ba don su narkar ba, don ƙafa ta samu abin kamawa.

Mutanen gidajen kuwa, su ne rabin sana'ar. Akwai wanda zai leƙo ta taga da rigar barci ya ce ka fara tone motarsa don shi ne ya fi kowa sauri. Akwai tsohuwar da za ta sauko maka da kafe mai zafi, ta tsaya tana gaya maka yadda ake sanyi na gaske a zamaninta. Akwai motar meri da za ta wuce bayan ka gama, ta turo maka tudun dusar babban titi ta toshe ƙofar unguwa, direban ya ɗaga maka hannu kamar ya yi maka alheri. Yara kuma, in sun gina mutum-mutuminsu na dusa a tsakiyar hanya, kada ka rushe. Ka ɗauke shi a kan felu ka mai da shi kan ciyawa. Na taɓa rushe ɗaya a Clichy, har bazara ana jifata da ido.

Bayan 'yan shekaru kamfanin ya samu aiki a yankin Lyon, aka tura ni Bron, wata unguwa kusa da layin tiram, jirgin ƙasan cikin gari. Nan na zama babba, nan aka ba ni tarakta, nan kuma bakina ya yi girma. Ni na kawo Idi aikin. Mutumin Tawa ne, ƙasar albasa, magidanci, yana da mata da jaririya, ba ya yawan magana. Ina ce masa "mai albasa", shi yana ce mini "Yaya". An ɗauke shi na gwaji ne, da alkawarin in sanyi ya wuce lafiya za a ba shi kwangila mai ɗorewa. Kuma da wannan kwangilar zai je sabunta takardar zamansa a Faransa. In babu ita, babu takarda. Shef, wato shugaban aikinmu, ya raba mana unguwar, Idi ya samu ɓangaren arewa, inda rana ba ta leƙawa, da wani gangare da ke sauka daga ƙofar bene zuwa wurin ajiye motoci da tashar tiram. Kowa na benen ta nan yake bi.

Sai ga muguwar shekara. Dusa ta sauko tun kafin lokacinta, ta ƙi tsayawa. Mu share da safe, kafin azahar ta mai da. Muka yi ta watsa gishiri har buhuna suka ƙare, shef ya yi ta waya ana ce masa babu, manyan hanyoyi sun kwashe. Yashin ma muka koma muna auna shi kamar shinkafar biki. Kafaɗuna suka mutu, hannuwa suka tsage, ga mutane sun ƙosa, kowa ya gan ka da rigar aiki sai ya sauke maka fushinsa.

Wata safiya ina ɗaura takalmi Idi ya kira ni. Muryarsa a sama. Jaririyar ta kwana da zazzaɓi, suna asibiti, ba zai iso da wuri ba.

"Ka gaya wa shef?"

"Yaya, ina cikin gwaji. In na ce ban zo ba a irin wannan rana..."

"Bari kawai, mai albasa. Zauna da ɗiyarka, ni zan yi maka gangarenka. Ba wanda zai sani."

Na gama nawa da tarakta, na zo kan nasa. Dusar jiya da aka tattake ta zama ƙanƙara mai kauri, tarakta ba ta shiga wurin, babu gishiri, yashin da ya rage kuma ba zai cika hula ba. Na ɗauki makankara na sara, na sara, ko tafin hannu ban buɗe ba, ga fitilun ɗakuna sun fara kunnuwa. Sai idona ya faɗa kan ƙofar ɗakin tukunyar ɗumama bene. Ina da mabuɗinsa. A ciki akwai famfon ruwan zafi da doguwar tiyo da muke wanke ɗakin shara da ita.

Ku fahimce ni. A garinmu ƙanƙara abar saye ce. A ba ka ita a leda ka ruga gida kafin ta zama ruwa a hannunka. Tun ina yaro abin da na sani shi ne ƙanƙara ba ta jure zafi. Duk shekarun da na yi da Manuel, da duk abin da nake koya wa wasu, suka tashi daga kaina, yaron Maraɗi ya dawo. Ban tambayi kaina ina ruwan zai bi ba.

Na jawo tiyo na buɗe famfo. Kai, ku zo ku ga kyau! Tururi ya tashi, ƙanƙara tana tsagewa tana gudu, baƙar kwalta tana fitowa tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Cikin ɗan lokaci gangaren ya fito fes daga sama har ƙasa. Na naɗe tiyo, na kulle ƙofa, na aika wa Idi saƙo cewa gangarensa ya fi na kowa kyau a Lyon. Na tafi shan kafe ina mamakin yadda Turawa da duk iliminsu ba su taɓa tunanin wannan dabara ba.

Ban gama kofin ba na ji ihu.

Ruwan ya daskare ya zama gilashi. Kuma muguntarsa, ba fari ba ne da mutum zai gani ya yi hattara, baƙi ne, kamar kwaltar da aka share da kyau. Wani mai jakar ofis ya sauka a zaune har ƙasa, jakar tana gaba yana binta. 'Yan makaranta suka gano abin suka mai da shi wurin wasa, suna hawa ta kan ciyawa suna sulalowa. Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Damagaram da ya yi ritaya daga masana'anta kuma yake ja mana salla, ya fito sayen burodi da babbar riga a kan kwat. Ya yi taku biyu, rigar ta buɗe kamar lema, ya tafi yana salati har ya rungumi kwandon shara. Da na ɗaga shi, bai ji ciwo ba, hularsa ce kawai ta yi nata wuri. Amma Madam Odette, tsohuwar hawa na ɗaya, ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya gurɗe, sai da aka kai ta asibiti aka ɗaure.

Daidai lokacin Idi ya sauko daga tiram da gudu. Ya tsaya ya dubi gangaren, ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin tukunya inda sawun tiyo yake kwance a kan dusa. Ya ɗauki makankara ya fara sara.

Masu gidajen suka kai ƙara kamfani. Shef ya kira Idi ya tambaye shi wa ya ce ya zuba ruwa. Idi ya sunkuyar da kai. Shef ya ce to, ƙarshen wata ya ajiye rigar aiki, ba kwangila. Ina tsaye a bayan ƙofa ina wanke keken gishirin da babu gishiri a cikinsa, ina jin komai.

Na yi shiru, kuma na samo wa shirun dalili mai kyau. Na ce wa kaina in na yi magana za a san Idi bai zo aiki ba ranar, ke nan na ƙara masa laifi. Da wannan na yi ta yawo kwana da kwanaki. Na kawo masa kilishin da aka aiko mini daga gida. Na ba shi sabuwar safar hannuna. Na ce ya hau tarakta ya ji ɗumi. Duk ya karɓa ya ce, "Na gode, Yaya," da irin muryar da ake gode wa mai sayar da tikiti.

Alhaji Mamman ne ya tare ni a gaban gidan burodi. Muka gaisa, ya tambayi iyali da sanyi da gajiya, na tambayi ƙugunsa.

"Ƙugu da sauƙi. Malam Haruna, tagata tana kallon gangaren nan, ka sani ko?"

"Na sani, Alhaji."

"Ranar na idar da salla na ga tururi, na ce ko gobara ce. Sai na ga mutum da tiyo. Idi dogo ne siriri. Wanda na gani kuwa yana da tumbi."

Na ce, "Alhaji, in na faɗa za a gane ya makara."

"Wanda aka kora, makara za ta ƙara masa me? Sau biyu za a kore shi?" Ya gyara burodinsa a hammata. "Ni ba zan faɗa ba. Na zame a kan ruwanka sau ɗaya, ya ishe ni. Amma yarinyar nan da aka kai asibiti, takardar ubanta ce abincinta."

Washegari na shiga ofis. Shef yana cin sanwici a kan takardu. Na gaya masa duka, da zazzaɓin jaririya da tiyo da saƙon da na aika. Ya daina tauna.

"Ruwan zafi? Kai, Haruna? Kai da kake koya wa sababbi inda ruwa ke bi?"

"Ni, shef."

"Kuma me ka yi tsammani zai faru?"

"Ya yi kyau sosai da farko, shef."

Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko baƙin ciki. Da ya buɗe, ya ba ni gargaɗi a rubuce, ya karɓe mabuɗin tarakta da na ɗakin tukunya, ya ce in koma felu har sanyi ya ƙare, kuma ɓangaren arewa ya zama nawa. Idi ya sha faɗa don bai kira ofis ba, amma aka bar masa rigarsa, aka ce maganar kwangila tana nan. Madam Odette kuwa na yi ta ɗaukar mata kayan cefane har aka kwance hannun. Ta yafe mini tun a rana ta biyu, amma ba ta gaya mini ba sai da ta warke, wai don ledojin suna da nauyi.

Saura Idi. Za ku ce ai an gama, tunda aikinsa ya dawo. Ni ma haka na so ya zama. Na ba shef haƙuri, na ba Baturiya haƙuri, amma bakina ya ƙi buɗewa ga ƙanena, wanda ni na kawo shi, wanda yake ce mini Yaya. Muna aiki kafaɗa da kafaɗa, ina ce masa mai albasa, yana murmushi kaɗan, shi ke nan. A unguwa kuma labarin bai gyaru ba, domin abin da ya faru a ofis a ofis ya tsaya. Mutanenmu sun riga sun sa masa suna.

Ranar wata Juma'a, an idar da salla a ɗan ɗakin da muke taruwa, ana cunkoso a bakin ƙofa kowa yana neman takalminsa cikin laka da ruwan dusa. Wani ɗalibi ɗan Yamai ya hango Idi ya ɗaga murya.

"A ba shi hanya, ga mai yi wa kwalta wanka! Idi, yau ma da ruwan zafi ko ka ƙara sabulu?"

Aka fashe da dariya. Idi ya yi murmushin nan nasa, ya duƙa yana ɗaura igiya. Alhaji Mamman yana zaune a kujerar roba yana sa safa, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Ina tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na ce, "Jama'a, ku dakata." Ba su ji ba. Na buga takalmin a jikin ƙofa har suka waiwayo.

"Wankan kwaltar nan ni na yi shi. Idi yana asibiti da ɗiyarsa. Ni na jawo tiyo, ni na kayar da Alhaji, ni na gurɗe hannun tsohuwa. Wannan bawan Allah ya san ni ne tun ranar, aka ce za a kore shi, bai ambaci sunana ba. Ni kuma na bar shi ya ɗauka, ina kai masa kilishi."

Na juya wurinsa. Safata ta jiƙe a cikin ruwan sanyi, amma ban matsa ba.

"Idi, ƙanena, na cuce ka da ruwa, na ƙara cutar ka da shiru, kuma shirun ya fi muni. Ba ni da hujja. Don Allah ka yafe mini."